Baba Isufu da Tafkunan Ƙanƙara

Na sauka Riyadh da lasisin tuƙi a aljihun gaba, saboda mutumin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse cewa direban gida zan zama, mota mai sanyi, ɗaki nawa ni kaɗai. Wanda ya zo ɗaukata a filin jirgi ko sallamata bai amsa ba. Ya miƙo hannu ya karɓi fasfona, ya jefa a aljihun mota, kuma daga ranar na daɗe ban sake sa shi a ido ba. Muka yi ta tafiya a kan tituna masu faɗin gonar gandu har muka shiga unguwar Suwaidi. Ya tsaya a bayan wani shagon tayoyi, ya nuna mini matattakala da haɓa, ya ja motarsa.

A sama ɗaki ɗaya ne, katifu a jere a ƙasa, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Mutane na kwance, 'yan ƙasashe dabam-dabam, ba wanda ya ɗaga kai. Na tsaya da jaka a hannu kamar wanda ya ɓata gidan biki. Sai wani dattijo dogo, siriri, da ke zaune kusa da taga yana ɗinke takalminsa, ya dube ni ya ce da Hausa, "Ajiye jakar mana, ba guduwa za ta yi ba. Daga ina?"

Na ce Sa'idu ne sunana, daga ƙasar Haɗeja. Ya ce shi Isufu, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Ya ja katifarsa ya buɗe mini wuri a jikin bango, ya ɗora shayi a kan ƙaramin risho, kuma bai sake tambayata komai ba sai da na sha na huce. Sannan ya tambayi aikin da aka ce zan yi. Na ce tuƙi. Ya yi murmushi, ya ce shi ma mai sharar masallaci aka ce masa zai zama.

"Tuƙin kam za ka yi," in ji shi. "Baro za ka tuƙa."

Haka kuwa aka yi. Aikinmu shi ne gina abin da Larabawa ke kira shallal, wato magangarar ruwa ta ado, a tsakar gidajen masu hali da gidajen hutunsu na bayan gari. Mukan lanƙwasa rodi mu ɗaura masa ragar ƙarfe, mu yaɓa siminti, mu sassaƙa shi tun yana ɗanye har ya ɗauki siffar dutse, mu shafa fenti. A ƙasa mu yi ɗan kwarmi, mu binne bututu, a sa inji ya riƙa tura ruwa sama yana zubowa. Ruwan nan guda shi ke ta zagayawa. Kafilinmu, wanda sunansa ke kan takardar zamanmu, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Wanda muka sani shi ne mudir, mai kwasarmu a bayan akori-kura da asuba, wanda duk maganarsa ba ta wuce yalla yalla, wato a yi sauri.

Baba Isufu ne ya koya mini komai. Yadda zan naɗe kaina da tsumma jiƙaƙƙe, yadda zan riƙe cokalin gini kada siminti ya cinye mini yatsu, da irin Larabcin da ake buƙata a kan titi. A gida shi mai haƙar rijiya ne. Ya ce a ƙauyensu rijiya tana da zurfin da sai an ɗaura wa jaki igiyar guga ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki, kuma matarsa, wadda bai taɓa kira da wani suna ba sai uwar Mariyama, da wannan aikin take buɗe kowace safiya. Ni kuwa ɗan masunta ne, na tashi a fadama, da damina ruwa har ƙofar gidanmu yake zuwa. Da ya ji haka sai ya raɗa mini Sarkin Ruwa, sunan ya bi ni har a bakin 'yan Bangaladash ɗin ɗakinmu.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Na bar matata da ciki, ta haihu ina tuƙa baro, aka yi suna na gani a waya. Ranar ban iya cin abinci ba. Da Juma'a ta zo Baba Isufu ya ce in sa rigata mai kyau, ya kai ni unguwar Shumaisi, wani gida a cikin tsohon lungu inda wata 'yar ƙasarmu ke sayar da tuwo da miyar kuka. Ya sa aka ƙara mini man shanu, ya gaya wa duk wanda ya shigo cewa ga angon ƙarni. Mutanen da ban taɓa gani ba suka yi ta yi mini barka. Daga nan zuwa Shumaisi ranar Juma'a ya zama ɗabi'armu.

Na shiga shekara ta biyu aka kai mu wani aiki a unguwar Nasiriya. Tsohon gida ne babba, mai doguwar katanga da bishiyoyin dabino. Mai gidan dattijo ne fari, mai 'yar furfura a haɓa, ana kiransa Abu Nasir. Yawancin masu gida ba sa ko kallon inda leburori suke, da mudir suke gama magana. Shi kuwa da kansa ya fito da butar gahawa, ya zaunar da mu a inuwa, ya ce kafin mu taɓa shebur yana so mu ga abin da yake nufi. Ya ɗauko wata faffaɗar waya ya kunna mana hoto mai motsi.

Ni da na tashi a bakin kogi, ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Duwatsu ne masu tsayin da kawunansu suka shige cikin gajimare, an yi musu farin rawani na ƙanƙara. A gindinsu tafki ne shimfiɗe, launinsa tsakanin shuɗi da tsanwa, garai-garai har kana iya ganin tsakuwar ƙasa. Bishiyoyi dogaye masu tsini kamar mashi sun kewaye shi. Daga can sama ruwa fari tas yana sulalowa a jikin dutse, ya faɗo kan wani tudu ya tarwatse, ya sake haɗuwa ya faɗo, yana tayar da feshi kamar hayaƙi. Ƙararsa ta cika tsakar gidan duk da daga waya take fitowa.

Abu Nasir yana magana a hankali, abin da ya wuce ni Baba Isufu yana fassara mini. Ya ce wurin yana can arewacin Amurka, gandun daji ne da gwamnati ta killace, ba a sare itace, ba a farauta. Ƙanƙarar da ke kan duwatsun ta daɗe a wurin tun kafin kakannin kakanni, ita ce ta ƙwaƙule kwarurrukan, kuma narkewarta ce ke cika tafkunan, wani a saman wani, kowanne yana zuba wa na ƙasa da shi.

Baba Isufu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya tambaya ko ana noma a gefen ruwan. Aka ce a'a. Ya tambaya ko makiyaya na kawo dabbobi su sha. Aka ce sai dai namun daji. Ya ce to me mutane ke yi da shi?

"Kallo," in ji Abu Nasir. "Mutane na zuwa daga nesa su kalla, su koma."

Baba Isufu ya janye fuskarsa daga gilashin. Sai da muna komawa a bayan akori-kura, iska mai zafi tana dukanmu, ya ce, "Sarkin Ruwa, Allah ba ya zalunci. Amma rabonsa akwai ban mamaki." Sai kuma ya yi ta istigfari har muka iso Suwaidi.

Daga baya muka ji dalilin aikin. Matar Abu Nasir, Ummu Nasir, tana kwance a wani ɗaki na bene da tagarsa ke kallon tsakar gida. Ciwon zuciya ne, likitoci sun hana ta hawa jirgi. Suna sabon aure ya tafi da ita can ƙasar lokacin da yake karatu, kuma bayan sun dawo ma sukan koma gandun nan idan zafi ya tsananta. Yanzu barci ya ƙaurace mata. Wata rana ta ce masa ba ta taɓa yin barci mai daɗi ba kamar wanda ta yi a wata bukkar katako kusa da magangarar ruwan nan. Shi ya sa ya ce a gina mata ko da kwatankwacinta ne a ƙarƙashin tagarta.

Tun da Baba Isufu ya ji wannan ya ɗauki aikin kamar na gidansu. Ya roƙa aka tura mini hoton a wayata, domin tasa ƙarama ce. Idan muka zauna hutu sai ya karɓa ya kara a kunne, ya rufe ido yana sauraro. Ya ce tunda matar ba za ta iya saukowa ta gani ba, sautin ne abin nema. Sai ya sa mu rushe inda muka yaɓa jiya, a ƙara tudu a nan, a rage a can. Mudir yana faɗa, shi yana ba shi haƙuri yana ci gaba da abinsa.

Lokacin kuwa tsakiyar zafi ne, irin wanda idan ka taɓa rodi da hannu sai ya tashi bororo. An hana aiki a rana tsaka a irin waɗannan watanni, amma mudir ya karɓi wani aikin a wani wuri yana sauri a gama wannan, katangar gidan kuma doguwa ce, Abu Nasir yana ciki wajen matarsa. Muka yi ta yi. Ni ina shan ruwa kamar saniya. Baba Isufu kuwa sai dai ya kurɓa ya ajiye, ya ce mutumin Damagaram ɗan'uwan raƙumi ne. Kuma ya yi shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwayoyin ciwon baya kamar gyaɗa, waɗanda yake saya a kantin magani ba tare da ya ga likita ba.

Na fara lura ne da takalminsa. Ya sa reza ya tsaga samansa domin ƙafarsa ta daina shiga. Fuskarsa ta yi suntum da safe, abinci ba ya zama a cikinsa. Ranar Juma'a a Shumaisi ya yi loma biyu ya ture mini kwanon. Na ce mu je asibiti, ga shi nan kusa. Ya ce iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu tun bara, kafili bai sabunta ba, katin asibiti kuma tare suke mutuwa. Ya ce gajiya ce, idan aka gama aikin Nasiriya zai huta.

Bai kai ga gamawa ba. Wata rana da hantsi muna shafa wa kwarmin shuɗin fenti, na juya in ɗauko bokiti, na ji wani abu ya faɗi. Na same shi kwance a tsakiyar busasshen tafkin da muka gina, fenti ya ɓata masa gefen fuska. Na yi ta kiran sunansa. Mudir ba ya nan. Na ruga na buga ƙofar cikin gida, abin da ba a taɓa yarda lebura ya yi ba. Abu Nasir ya fito ba ko mayafi a kansa, ya kira direbansa, muka ɗauki Baba Isufu muka sa a kujerar baya, kansa a kan cinyata.

Likitan da ya duba shi ɗan Sudan ne, mai sanyin magana. Ya ja ni gefe ya tambaya ko ni ɗansa ne. Na ce kusan haka. Ya ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki, kuma abin ya daɗe yana cinsa, zafi da ƙarancin shan ruwa da ƙwayoyin nan sun taru sun gama da su. Daga yanzu sai an riƙa haɗa shi da inji ana wanke masa jini a kai a kai, iya tsawon rayuwarsa. Ruwa kuma, tunda jikinsa ba ya iya fitarwa, ba zai sha fiye da ɗan ƙaramin kofi a yini ba.

Da Baba Isufu ya farfaɗo na gaya masa, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce lokacin da aka ce ya sha ya ƙi, yanzu da yake so an hana.

Bayan 'yan kwanaki mudir ya zo da saƙon kafili. Ko kujera bai zauna ba. Ya ce za a yi wa Isufu takardar fita ta ƙarshe, ya koma gida ya yi jinya cikin danginsa. Ya faɗa kamar wata alfarma ce. Bayan ya tafi, Baba Isufu ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce daga ƙauyensu zuwa inda ake da irin wannan inji tafiya ce mai nisa, kuma ya san uwar Mariyama, za ta sayar da awaki, ta sayar da jaki, ta sayar da gona, a ƙarshe kuma ya mutu ya bar su a tsirara. Ya ce yana son ganinsu kamar ransa zai fita, amma ba zai je ya cinye su ba.

Na rasa wanda zan kai wa kuka, sai na kai wa Abu Nasir. Ya saurare ni har na gama da guntun Larabcina. Ya ce mutum ya faɗi a gidansa yana yi wa matarsa aiki, ba zai bari a jefar da shi ba. Ya ɗauki nauyin wankin, ya sama masa ɗan ɗaki a Shumaisi kusa da inda ake yi, ya kuma shiga neman a mayar da shi kafilin Baba Isufu. Wannan ɗin ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kafili ya ce yau, ya ce gobe, ya ce ya yi tafiya, ya ce fasfon ya ɓace a ofis. Amma dai maganar fita ta lafa.

Ni da wasu mutum biyu muka ƙarasa aikin. Ranar da aka kunna injin, ruwa ya taso ya gangaro ta kan tudun da Baba Isufu ya yi ta rushewa yana gyarawa, ya faɗa cikin kwarmi. Na ɗaga kai na ga an ɗan buɗe tagar bene. Washegari da muka zo kwashe kaya, 'yar aikin gidan ta kawo mana dabino a faranti, ta ce uwar gida ta ce a gaya wa dattijon da ke asibiti cewa sautin bai kai na can girma ba, amma ta yi barci. Da na kai masa saƙon ya sa na maimaita. Ya ce mace ce mai gaskiya.

Ummu Nasir ta rasu da shigowar sanyi. Na je ta'aziyya na tarar an kashe injin, ganyen dabino ya fara taruwa a kan ruwan.

Na ɗauka daga nan Abu Nasir zai manta da mu, ya ci gaba da biyan asibiti daga nesa. Sai ga shi bayan an share makoki ya fara zuwa da kansa a ranakun wanki. 'Ya'yansa duk sun yi aure sun watse, gidan ya yi masa faɗi. Yakan ja kujera ya zauna kusa da gadon, jinin Baba Isufu yana zagayawa cikin tiyo, su yi ta hira. Idan ranar ta dace da hutuna ina wurin. Kuma kusan kullum hirar ɗaya ce, domin Baba Isufu ne ke janta.

"Ya ammi," yakan ce, wato baffana da Larabci, "ran nan a tafki na farko muka tsaya. Mu ci gaba."

Sai Abu Nasir ya gyara zama ya kai mu. Ya ce daga tafkin farko, inda ake hawa ƙananan kwale-kwale, akwai 'yar siririyar hanya da ke bi ta cikin bishiyoyi, ƙasa a jiƙe, ko'ina ƙamshin itace. Tun kana nesa za ka fara jin magangarar, idan ka iso kuwa ko wanda ke kusa da kai ya yi magana ba ka ji, feshin ya jiƙa ka sharkaf. Ya ce Ummu Nasir ta taɓa tsoma hannu a wurin domin ta yi alwala, ta fizge da sauri tana dariya, yatsunta sun yi ja saboda sanyi. Wata ranar ya kai mu tafki na biyu, wanda ruwansa ya yi kamar an dama madara da shuni, ya ce ƙanƙara ce ke niƙa dutse ya zama gari, garin ya bi ruwa ya ba shi wannan launi. Baba Isufu yana sauraro, leɓɓansa a bushe sun tsattsage, yana tsotsar ɗan guntun ƙanƙarar da nas ta ba shi a madadin ruwa. Na taɓa ce masa a ɓoye ko wannan hirar ba ta ƙara masa ƙishi. Ya ce tana ƙarawa, amma ya fi son ƙishin da ke da wurin zuwa.

Rannan ya nemi a kai shi tafki na sama. Abu Nasir ya ce shi ma bai taɓa zuwa ba. An ce musu yana gindin ƙanƙarar kanta, ko da zafi manyan gutsattsari na yawo a kansa. Zuwansu na farko sun kama hanya, amma tana da cikin Nasir, ta gaji, suka juyo, suka ce sai wani zuwan. Wani zuwan kuma ga yara ƙanana, wani kuma ga ciwon gwiwa. Ya ƙara da cewa duk sanda suka koma sai su ga farin da ke kan duwatsun ya ragu, inda da ƙanƙara ce ya zama tsakuwa.

"Ashe har can ma ruwa na ja da baya," in ji Baba Isufu. Ya faɗa kamar an ba shi labarin rashin lafiyar wani ɗan'uwa.

Shi ne ya roƙa a kai shi ya ga aikin da idonsa. Na ji nauyin isar da maganar, domin na san tun rasuwar ba a sake kunna injin ba. Amma Abu Nasir ya ce a kawo shi. Wata Juma'a bayan la'asar direba ya ɗauko mu. An share wurin, an zuba sabon ruwa, an ajiye kujera a bakin kwarmin. Baba Isufu ya rame har na ɗauke shi daga mota kamar ɗaurin kara. Abu Nasir da hannunsa ya danna makunnin.

Ruwa ya gangaro. Baba Isufu ya kalla ya kalla, ya karkata kai yana sauraro. Can ya ce mini gefen hagu na yi shi sumul da yawa, da na bar masa ɗan kaushi da ruwan ya fi magana. Na ce ya warke ya zo ya gyara. Ya ce in cire masa takalmi. Na tsoma masa ƙafafunsa a ciki, ya sauke dogon numfashi. Ya sunkuya ya ɗebo ruwan da tafin hannu biyu, ya kawo kusa da bakinsa, ya tsaya. Ni da Abu Nasir ba wanda ya yi motsi. Sai ya ɗaga hannuwan ya zuba a kansa, ruwan ya bi fuskarsa ya jiƙa gemunsa. Abu Nasir ya ɗaga kai ya dubi tagar bene a rufe, ya ja gefen mayafinsa ya rufe fuska, ya shige cikin gida. Muka zauna mu biyu har aka kira magariba.

Bayan wannan bai daɗe ba. Wurin da ake sa masa tiyo ya kama ciwo, zazzaɓi ya shiga jininsa, zuciyarsa ta raunana. Aka kwantar da shi. Na roƙi mudir hutu ya hana, na ajiye baro na tafi abina. Likitan nan ɗan Sudan ya gaya mini cewa sun yi iyakar abin da za su iya.

Ranar ƙarshe da safe ya buɗe ido ya gane ni. Muryarsa ta dushe, sai da na kai kunnena. Ya ce, "Sarkin Ruwa, ba ni ruwa." Na dubi nas, nas ta dubi likita. Likita ya gyaɗa kai, ya ce a ba shi duk yadda yake so. Na gane abin da hakan ke nufi. Na fita na cika babban kofi da ruwa mai sanyi. Na tallafo kansa. Ya sha a hankali, yana tsayawa yana numfashi, har ya shanye. Ya nemi ƙari, na kawo, ya sha rabi. Ya ce alhamdu lillahi. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bina da leɓe. Kafin azahar ya cika.

Na kira ƙaninsa na gaya masa, dangi suka yarda a binne shi a nan. Takardu suka ɗauki kwanaki, kuma abin mamaki, fasfon da aka ce ya ɓace sai ga shi ya fito. Aka yi masa salla a babban masallaci tare da wasu gawawwaki, jama'a da yawa waɗanda ba su san sunansa ba suka tsaya a sahu. 'Yan ɗakinmu na Suwaidi sun zo, da mutanen gidan tuwo. Abu Nasir, da ciwon gwiwarsa, ya nace sai da aka taimaka masa ya sauka cikin kabarin, muka karɓi gawar tare.

Bayan kwana biyu ƙanin ya kira ni da rana, ya ce uwar Mariyama tana son magana da ni. Sun fito bayan gari inda waya ke kamawa, ina jin iska tana kaɗawa. Ban taɓa jin muryarta ba. Ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya kafin in yi mata, ta ce ya sha ba ta labarina. Ta tambayi wanda ya yi masa wanka, na gaya mata. Ta tambaya ko an samu jama'a a salla, na ce an samu da yawa.

"Sa'idu," in ji ta, "an ce mini likitoci sun hana shi ruwa."

Na ce haka ne, saboda ciwon.

"To da zai cika, ya samu ya sha?"

Na ce ya sha. Na ce mai sanyi ne, da hannuna na ba shi, ya sha har ya ƙoshi ya bar saura a kofi.

Na ji ta sauke numfashi. "Ya bar saura," ta maimaita. Sai ta ce, "To, alhamdu lillahi. Abin da ya hana ni barci ke nan. Allah ya shayar da kai ranar ƙishi."

Na ce amin, amma ban san ko ta ji ba, domin daga nan muryar ƙanin ce ta dawo yana sallama. Na zauna a kan matattakalarmu ta bayan shagon tayoyi, wayar a hannuna, na yi kukan da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a maƙabarta.